Ginshiƙi na Tara

"Mama, shekararki saba'in da ɗaya fa! Kuma kin san iyayen saurayina suna cikin jirgin ƙasan nan," in ji 'yarta.

"To, sai su ga irin gidan da ɗansu zai shiga," in ji tsohuwar, tana laluben maɓallin wandonta.

Asabar ɗin "haska wata" ce. Sau ɗaya a shekara mutanen garinmu, nan kudancin Kalifoniya, sukan jeru a shingen layin dogo, su zame wando su nuna wa jirgin ƙasa ɗuwawu, fasinjoji na shewa. Shekara arba'in mijinta bai taɓa fashi ba, kullum a ginshiƙi na tara na shingen. A watan Maris aka binne shi. Yau shinge ya cika maƙil, amma an bar gurbinsa ba kowa.

"A nan na fara hango ubanki ta tagar jirgi," in ji ta. "Fuskarsa kuwa sai bayan sati na gani."

Kukan jirgi ya taso daga kwanar layin. Yatsun da ciwon gaɓɓai ya tanƙware suka kasa ɓalle maɓallin. Sau uku ta gwada, sannan ta sauke hannuwanta, ta tsaya tana kallon ginshiƙin.

'Yarta, lauya mai shekara talatin, ta dubi nata wandon da ta goge tun safe domin tarbar surukai. Ta dubi jirgin da ke tahowa.

"Riƙe min jakata, Mama. Ni zan tsaya wa Baba."