Tsarin Juma'a

Tun da aka hana ɗan Adam taɓa makunnin wuta, akwatin tsaron layi ne ke yanke wa kowace unguwa hukunci. Ranar Juma'a, dab da salla, Laraba ta faɗo tashar wuta, mayafi ɗaure a ƙugu.

"Malam Sallau, na gaji! Duk Juma'a ana kiran salla ake ɗauke mana wuta. Injin da ke taya Innarmu numfashi a gida masallaci yake zuwa?"

Sallau, ma'aikacin tashar, ya nuna akwatin da haɓa. "Ba lalacewa ya yi ba, Hajiya. Lokacin salla yakan koma tsarin Juma'a. An faɗa masa kowa na masallaci. In ya ga ana jan wuta da yawa, sai ya ɗauka waya ce ta tsinke, ya kashe layin."

"Kowa? Mu da muke guga da niƙa da ɗinki a gida, aljanu ne? Uban wa ya faɗa masa haka?"

"Kwamiti."

"Akwai mace a ciki?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "Ni ba ni da ikon gyarawa. Akwatin za ki gaya wa, yana ji."

Ladan ya kwaɗa kira. Sallau ya saɓa darduma ya fice.

Laraba ta matsa har numfashinta ya dusashe gilashin akwatin. "Ga ni nan! Kana ganina?"

Akwatin ya yi ƙas, sannan ya yi magana cikin ladabi: "An koma tsarin Juma'a. Babu kowa a gari."