Muryar da ke Cikin Kaset

"Ni fa na yi kashi na ɗaya na karatun nan tun ba a haife ku ba, kun gane ko?" in ji tsohon akawu, yana gyara zama cikin ɗaliban kimiyyar harshe, kashi na biyu. Ritaya ce ta dawo da shi aji, kuma ya ishi kowa da labarin ƙwazonsa na da.

Malama ta kunna wani tsohon kaset da aka daɗe ana koyar da kurakuran furuci da shi. Wani ɗalibi ne yake ta kokawa da sautuka, yana tari, yana tsaki.

Tsoho ya fi kowa dariya, har da share hawaye. "Wannan ai ɗumama benci ya zo yi. A zamaninmu da tuni an kore shi, kun gane ko?"

Sai muryar cikin kaset ɗin ta ja numfashi ta ce, "Ni dai karatun nan ba nawa ba ne. In kuka sake ganina a ajin nan, ku yi min ihu, kun gane ko?"

Aji duk ya juyo yana kallon tsoho. Dariyarsa ta yanke, don ya gane muryarsa ce.

Ɗalibar da ke gefensa ta juyo cikin ladabi.

"Baba, mu fara ihun yanzu, ko sai an tashi?"