Godiyar Aro

Sau huɗu Uwais yana goge saƙon yana sake rubutawa, kuma kowane karo layi uku yake fitowa, kamar an yi masa awo da mudu.

Gurbi ɗaya ne tak a wani kamfanin irin shuka da ke Kano: horon sanin makamar aiki na wata shida, wanda in mutum ya yi abin kirki sukan riƙe shi. Su goma sha ɗaya aka yi wa intabiyu jiya. Shekara biyu ke nan da ya gama difloma a fannin noma yana zaune a ƙauyensu, gabas da Gezawa, har 'yan majalisa sun fara kiransa Malamin Gona, ba don girmamawa ba. Gurbin nan yake so kamar ransa.

Intabiyun bai yi muni ba. Hajiya Tahira, shugabar sashen gwajin iri, ta tambaye shi yadda ake kare wake daga ƙwari. Karatun littafi ya gudu ya bar shi, sai ya ɓige da ba ta labarin yadda Innarsa ke cuɗa wake da toka ta ɗura a jarka ta toshe bakin. Hajiya ta yi dariya, ta daɗe tana rubutu. Da ta ji ya ambaci Gezawa kuwa sai ta ɗago kai.

"Tsamiyar bakin tasha tana nan?"

"Tana nan, ranki ya daɗe."

Ta dai gyara zaman wata 'yar kwalba da ke kan teburinta, mai ɗauke da gyaɗa ƙanana duk sun yamushe.

A makaranta an koya musu cewa bayan intabiyu, mai hankali yakan aika saƙon godiya tun abin bai huce ba. To ga nasa nan: ya gode da lokacinta, ya gode da ta saurari zancen tokar Inna, yana fatan koyo a ƙarƙashinta. Duk sanda ya karanta sai ya ji kunya ta kama shi.

"Wai godiyar ce ke ba ka wuya?" in ji Inna Larai, mahaifiyarsa. "Ga ƙwan zabi nan. Ka kai mata, ka durƙusa, ka ce an gode."

"Inna, ba haka ake yi a ofis ba."

Ya hau acaɓa sai Gezawa, shagon Malam Sha'aban da ke gindin tsamiyar. Shekara ashirin Malam yana buga wa mutane takardu, kuma yana da ɗabi'a ɗaya: abin da ya shiga kwamfutarsa ba ya fita. Ya karanta layukan Uwais, ya ja tsaki.

"Wannan ai ban-gajiyar biki ce. Matso ka ga wasiƙa."

Ya buɗo wata tsohuwar ajiya. Turanci ne mai santsi, shafi guda cur. Bayan godiya, wasiƙar ta shiga labarin shekarar da cuta ta cinye gyaɗar mahaifin mai rubutun, ya tone kadada biyu bai cika ƙwarya ba, baƙin ciki ya kwantar da shi, bai ga wata daminar ba. Ta rufe da alkawarin cewa muddin rai, ba za a sake sayar wa talaka mugun iri ba. Uwais ya ji idonsa ya ciko.

"Amma Malam, Baba yana raye fa. Kuma dawa yake nomawa."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Wa zai taso daga Kano ya zo dubiya? Wasiƙar nan, farkon aika ta aka ɗauki mai ita. Don kai ne ma na fito da ita."

Aka cire sunan sama da na ƙasa, aka sa na Hajiya da na Uwais, aka tura ta imel. Layi ukun nan kuwa ya goge su tun kafin ya bar shagon.

A hanyar gida ya hango mahaifinsa, Baba Nababa, duƙe a cikin dawa yana noma. Tsohon ya miƙe ya ɗaga masa fartanya. Uwais ya kau da kai, ya lallashi kansa: in aiki ya samu, ai Baban ne farkon wanda zai huta.

Kwana uku yana zarya zuwa kan tudun makarantar firamare, inda sabis ke kamawa. Ran na huɗu da hantsi wayar ta yi ƙara. Nan take ya buɗe. Da Hausa aka rubuto, kuma gajere ne.

"Uwais, har zuwa shekaranjiya sunanka ne a saman jerina, saboda tokar Innarka. Aikinmu gwajin iri ne, sai wanda zai rubuta abin da ya gani ko da bai yi kyau ba, don haka na ba wani gurbin. Wasiƙarka ta sa ni kuka, kamar yadda ta sa ni ranar da na rubuta ta a shagon Malam Sha'aban, shekara goma sha biyu da suka wuce. Ka gaishe min da Babanka. Wanda ka binne a ciki nawa ne, ragowar gyaɗarsa ce ka gani a kan teburina."