Mai Riƙe da Bene

Da ƙasar Saiberiya mai shekaru dubbai a daskare ta fara narkewa, benen da wata tsohuwa ke zaune a ciki ya karkace. Ma'aikata suka tona gindinsa, suka iske gawar fursuna, ko ruɓewa ba ta yi ba.

Tsohuwar ta leƙa ramin. Fuskar gawar irin ta jikanta namiji ce sak, har wushiryar. Tun 1953 hukuma ta ce mahaifinta ya tsere daga sansanin gwale-gwale, ita kuwa ta girma tana tsine masa. Ashe a kansa take kwana.

"Ku fito mini da babana."

Shugaban ma'aikatan ya yi dariya. "Haba Kaka, gobe masu duba muhalli za su zo. Shekara saba'in yana riƙe da gidan nan, yau za ki sallame shi?"

Ya ɗaga hannu, aka kwarara kankare.