Tukwanen Mutanen Farko

Da buroshin haƙori Darakta yake share tsingaron, a hankali, kamar mai goge wa jariri ido. Ya durƙusa cikin laka a bayan cibiyarsa, inda ambaliya ta zaftare gefen fili ta bar rami, fasassun tukwane sun leƙo daga jikinsa jere-jere.

Cibiyar ta koya wa 'yan makaranta tonon kayan tarihi ce. Ba ta neman riba, kuma a wannan fannin dai ba a taɓa samunta da gazawa ba. Akan kawo yara cikin bas, a ba kowa ɗan cokalin magina, su tono abin da ma'aikata suka binne jiya a akwatin yashi, su koma gida suna jin sun gano duniya. Darakta kuwa ya tsaya a kansu yana maimaita darasinsa guda ɗaya tilo: abin da ke ƙasa ya riga na sama zuwa.

Sai annoba ta zo, aka yi kulle, bas ta daina zuwa. An gwada koyar da tono ta waya. Yara suka tottone furannin iyayensu, iyayen suka bugo da kalaman da ba sa cikin manhaja. Ma'aikata suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Darakta, da zaman banza ba ya karɓarsa, ya kama ginin tukwanen koyarwa a gida, ya cika falo da kicin har ƙarƙashin gado, sai da matarsa ta yi masa albishir cewa makarantu sun yi rububinsu. Tun daga ranar yake tafiya da ɗan takun mai fasaha.

Aka buɗe gari. Ana gobe bas ta farko za ta iso, ruwa ya riga ta. Ya kwashe akwatin yashi, kujerun yara, allon suna, har da baron da matar Darakta ta taɓa ara lokacin kulle. Shugabar kwamitin masu tallafi ta kira shi da irin muryar da ake ta'aziyya da ita, ta ce za su zo su duba ko akwai sauran abin da ya cancanci a bar ƙofa a buɗe dominsa.

To a nan ne ramin ya bayyana. Shekara da shekaru Darakta yana binne tarihi da yamma ana tono shi da safe, yau ga na gaske ya zo har bayan ofishinsa. Ya kewaye wurin da igiya. Ya kori akuyar maƙwabta da mai gadi duka. Ya gayyaci wata Farfesa daga jami'a, don kwamiti su ji daga bakin manya.

"Malam, da ka bari an cike ramin nan," in ji matarsa da safe, tana goge masa riga. "Wani zai faɗa ciki."

"Ke dai kawo ruwan baƙi. Tarihi ba na kowa ba ne."

Ta buɗe baki, ta dubi yadda fuskarsa ke sheƙi a karo na farko tun kafin annoba, ta rufe.

Baƙi suka zo, suka jeru a bakin rami suna lallaɓa takalma. Darakta ya ɗaga wani babban tsingaro sama yadda rana za ta haska shi, ya juya ga shugabar kwamiti.

"Ranki ya daɗe, dubi bakin nan yadda ya karkace. Dubi kaurin gindin. Wannan aikin mutanen farko ne, tun ɗan Adam bai gama sanin amfanin yatsunsa ba. Wanda ya gina wannan ko ruwa ya zuba ciki sai ya tsiyaye. Bai iya ba, Allah sarki, amma da irinsa aka fara."

Shugabar kwamiti ta gyaɗa kai. Har ta soma tambayar yara nawa wurin zai iya ɗauka a rana, ana iya yi masa rumfa kuwa. Darakta ya ji ƙofar cibiya tana buɗuwa a cikin ƙirjinsa.

Farfesa ta miƙa hannu ta karɓa. Ta juya tsingaron, ta shinshina shi, ta tattare zanenta ta sauka ramin. Ta bi jerin fasassun tukwanen zuwa ƙasa da cokalin magina, tana ɗagawa tana ajiyewa, Darakta yana ƙarfafa mata gwiwa daga sama.

"Ci gaba, Farfesa, can ƙasan ne mafi tsufa. Abin da ke ƙasa ya riga na sama zuwa. Ko yaranmu sun haddace."

Ta ɗaga gindin tukunyar ƙarshe. Ƙarƙashinsa akwai wani abu shuɗi, a naɗe, mai igiyoyi biyu. Ta jawo shi da bakin cokali, ta karkaɗe, ta ɗaga sama yadda rana za ta haska shi. Takunkumin rufe hanci ne, tambarin cibiya na nan a kusurwarsa raɗau.

Akuyar da aka kora ta dawo. Shugabar kwamiti ta daina kallon inda za a kafa rumfa, ta soma laluben makullin mota a jaka. Darakta ya juya yana neman wanda ya yi masa wannan ƙulli, idonsa ya sauka kan matarsa, tana tsaye da tiren kofuna.

Ta ajiye tiren a kan bulo, ta gyara mayafi.

"Gaskiyarka, Malam, wanda ya gina su bai iya ba. Shi ya sa babu makarantar da ta karɓa ko kyauta, na loda su a baro na zo nan na binne maka."