Mai Ƙunshi a Ofishin Biza

Ke da takardar gayyata ta iso miki jiya har kin fara bin gidaje kina sallama, zauna ki ji abin da ya sami wata mai ƙunshi a Gusau. Matar nan, duk unguwarsu ba amaryar da ake kaiwa ɗaki sai ta bi ta hannunta. 'Yarta tilo tana aure can Turai, cikin fari ya tsufa, sai surukin ya aiko da takardu ta je ta yi mata wankan jego. Wayyo daɗi! Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba. Ta yi fasfo, ta haɗa daddawa da kuka da yajin jego, ta ɗinka atamfa kala uku. Aka sa mata wata Talata ta je Abuja a ɗauki hotonta da zanen yatsunta don biza. An haɗo mata da wata takarda mai bayanin abin da ake yi da wanda ba a yi, ta cusa ta ƙarƙashin katifa, wai ina ta ga lokacin neman mai karanta mata. Abin da ya dame ta ɗaya ne: ita da ke yi wa mutane ado, ta shiga ofishin Turawa da hannu fari fat kamar mai takaba? Allah ya kiyaye! Ran Lahadi ta kwaɓa lallen da take ɓoyewa don manyan amare, ta ƙunsa har sau biyu, yatsu goma suka yi jawur har suna neman baƙi.

Ran Talata ta shiga ofis tana taku ɗai-ɗai, tana gyara mayafi don a ga hannun. Ta ɗora yatsu a gilashin na'ura, na'ura ta ƙi ɗauka. Aka goge aka sake, ta ƙi. Ma'aikaciyar ta juya tafin hannunta ta duba, ta ce, "Hajiya, ƙunshi kam ya yi kyau, amma ya rufe zanen. Sai ya fita ki sake neman rana." Ta koma gida ta hau yatsun da lemon tsami da toka da dutsen goge kaushi har fata ta saluɓe, alhali ta fi kowa sanin lallenta ba ya fita da wuri, da haka ma take cika baki. Kafin yatsun su warke a ba ta sabuwar rana, wata biyu sun wuce. 'Yar ta haihu, ta yi wankanta ita kaɗai a baƙon wuri, uwar kuwa a waya ta ga jikanta ranar suna, tana guɗa tana share hawaye da bakin zani.

Ai Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce sauri ya haifi nawa.