Ƙwaryar Inna a Bangon Falo

Zauna, Sabi'u. Tunda ka ce sabon gidanka za ka haɗa masa kayan da da na zamani, bari in ba ka misali kafin ka kira mai buga ƙusa.

Wani ma'aikaci ne Allah ya buɗa masa, ya gina gida a birni. Ya ɗauko mai shirya ɗaki, ta sa aka shafe bango da fenti ruwan toka, ta jera kujeru masu laushi, labule har ƙasa, teburin gilashi a tsakiya. Da ta gama sai ta ce falon ya yi kama da asibiti, yana neman ɗan abin gargajiya, wai haka ake yayi yanzu. Nan take mutumin ya tuna da ƙoran mahaifiyarsa a ƙauye. A cikinsu akwai wata babba mai zane, wadda tsohuwar ta shekara arba'in tana dama wa ubansa fura a ciki har ya rasu. Sau biyu tana tsagewa, sau biyu ana kai ta ɗinki. Ya je ya durƙusa ya ce, "Inna, na yi wa ƙoranki wuri a gidana." Baiwar Allah ta wanke su tas, ta haɗa masa har da faifai da ludayi. A zatonta, inda ƙwarya ta samu wuri ai mai ita ma ta samu. Ta bi maƙwabta gida gida tana cewa ta kusa komawa birni.

Shiru, shiru, har wata biyar. Sai da ciwon ƙafa ya matsa mata sannan ya aiko aka kawo ta ganin likita. Aka sauke ta a ɗakin baya, jikin injin wuta, don ita a tabarma take zama, ga cin goro, ga warin man zafi, falo kuwa na manyan baƙi ne. Rana ta uku ta ji marmarin fura, ta ce ita ba ta iya sha a roba ba, ta dogara sanda ta shiga neman ƙwaryarta. Ta tarar da ita a bango. An huda tsakiyarta da ƙusa, an shafe ta da mai mai ƙyalli, har da wata 'yar fitila aka sa tana haska ta. Tsohuwa ta ce a sauko mata da ita. Ta zuba ruwa, ruwan ya bi hujin ya tsiyaye ƙasa. Ɗan nata yana tsaye, kuma wallahi kafet ya fara dubawa kafin ya dubi fuskarta. Wannan ne ya fi ƙona mini rai a duk labarin.

Ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa masa ta ce, "Mayar da ita, ɗan nan. Ita ce ta dace da gidan." Washegari ta ɗaure ƙunshinta ta koma ƙauye. Ya aika mota sau biyu, ta dawo ba kowa. Ya je da kansa, ta amsa gaisuwa, ta sa masa albarka, amma ba ta taso ba. Damina ba ta zagayo ba tsohuwa ta rasu, kafin ya isa an kai ta makwancinta. Ƙwaryar tana nan a bango har yau. Baƙi na shigowa suna yabawa, suna tambaya a wace kasuwa ya saya, shi kuwa sai ya canja magana. Kujerarsa ma ya juya ta, ta ba bangon baya.

Ka yi adonka, Sabi'u, ban hana ka ba. Amma kafin ka ɗauko abu daga ɗakin tsohuwa, ka fara yi wa tsohuwar wuri. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce garin neman gira a rasa ido.